Tarihin Awon Jikin Dala Mai Lanƙwasa: Daga Masar ta Da Zuwa Lissafin Zamani

1.0 Gabatarwa

Kalmar dala sananniya ce ga Hausawa. Ita ce sunan dutsen da ke cikin birnin Kano, da ita kuma ake kiran tulin buhunan gyaɗa da aka riƙa jerawa a Kano a tsakiyar ƙarni na 20. Wannan kalma ce aka aro domin kiran manyan gine-ginen nan na sarakunan Masar, masu faɗin gindi da tsinin kai. Duk wanda ya tayar da dala, ta gyaɗa ce ko ta dutse, sai ya lulluɓe ta. Mai gyaɗa zai nemi tampol, maginin Fir'auna kuwa zai nemi farin dutse. Tambayarsu ɗaya ce: nawa ne zai isa?

Idan fuskokin dala shimfiɗaɗɗu ne, amsar ba ta da wuya, domin an san hanyar samun ta fiye da shekara 3,500 da suka wuce. Amma idan gefen dala ya lanƙwasa, ya yi baka kafin ya kai ƙololuwa, sai al'amarin ya sake kama. Masana ba su samu hanyar gama-gari ta warware shi ba sai a ƙarni na 17, kuma ba su daidaita a kan ma'anar abin da suke aunawa ba sai farkon ƙarni na 20. Wannan takarda za ta bi sawun tambayar daga Masar zuwa Girka, daga Bagadaza zuwa Turai, domin a ga cewa dabara ɗaya ce aka yi ta gyarawa: a yanka abu mai lanƙwasa gunduwa-gunduwa har kowane yanki ya yi kusa da miƙaƙƙe.

2.0 Ma'anar Wasu Kalmomi

Kafin a shiga cikin tarihin, ya kamata a fayyace kalmomin da za a yi amfani da su. Gindi shi ne filin da dala ke zaune a kai. Ƙololuwa ita ce tsinin da ke can sama. Fuska ita ce kowane ɗaya daga cikin bangwayen da suka tashi daga gindi suka haɗu a ƙololuwa. Gefe shi ne layin da fuska biyu suka haɗu a kansa, daga kusurwar gindi zuwa sama. Tsayin dala shi ne nisan ƙololuwa daga tsakiyar gindi a tsaye, tsayin gangare kuwa shi ne nisan da mai hawa zai yi a kan tsakiyar fuska, kuma kullum ya fi tsayin dala yawa. Faɗin jiki shi ne yawan murabba'in mita da zai lulluɓe fuskokin, girman ciki kuwa shi ne yawan abin da zai cika siffar. Alwatika siffa ce mai kusurwa uku. Idan aka sare mata kai da layin da ya yi daidai da gindinta, abin da ya rage za a kira shi yankakkiyar alwatika.

3.0 Maginan Masar da Awon Gangare

Dala ta farko a Masar ita ce ta Sarki Josa a Saƙƙara, wadda aka gina a ƙarni na 27 kafin Miladiyya. Hawa shida gare ta kamar matakala, ba ta da fuska mai sulɓi. Bayan ƙasa da ƙarni biyu, Sarki Kufu ya gina babbar dalar Giza. Kowane ɓangare na gindinta ya kai kimanin mita 230, tsayinta na asali kuwa mita 146 da ɗoriya.

Maginan ba su san digiri ba. Ma'auninsu shi ne kamu, wato daga gwiwar hannu zuwa ƙarshen yatsa, kuma kamun sarauta ya kai kimanin santimita 52. Sun raba shi zuwa tafi 7, kowane tafi yatsa 4. Gangare kuwa suna auna shi da abin da suka kira seked, wato tafi nawa bango zai ja da baya idan ya hau kamu ɗaya. Gindin dalar Kufu kamu 440 ne, tsayinta kamu 280. Idan aka raba rabin gindi, wato 220, da 280, aka ninka sakamakon sau 7, za a samu tafi biyar da rabi. Wannan ya yi daidai da kusan digiri 52. Amfanin wannan awo shi ne, mai sassaƙa dutse ba ya bukatar ganin dalar gaba ɗaya. Ya isa ya san cewa kowane kamu ɗaya na hawa yana da tafi biyar da rabi na ja da baya.

An samu wannan lissafi a rubuce cikin takardar Rhind, wadda wani magatakarda mai suna Ahmes ya kwafa wajen shekarar 1550 kafin Miladiyya daga wata da ta girme ta da kimanin ƙarni uku. Wani mutumin Sikotlan, Alexander Henry Rhind, ya saye ta a Luksor a 1858, kuma mafi yawanta tana gidan tarihi na Birtaniya a Landan. Matsaloli na 56 zuwa 60 duk a kan gangare suke. A matsala ta 56 an ba da dala mai gindi kamu 360 da tsayi kamu 250, aka fitar da seked ɗinta tafi 5 da kashi ɗaya cikin 25. Matsala ta 51 kuma ta nuna yadda ake auna alwatika: a ɗauki rabin gindi a ninka shi da tsayi.

Da wannan ƙa'ida ake samun faɗin jikin dalar Kufu. Tsayin gangarenta kimanin mita 186 ne. Rabin gindi, mita 115, idan aka ninka shi da 186, zai ba da murabba'in mita dubu 21 da ɗoriya a kowace fuska, kusan 86,000 ke nan a fuskoki huɗu. Wannan fili duka an lulluɓe shi da farin dutse da aka haƙo daga Tura, a ƙetaren kogin Nilu. A shekarar 2013 wata tawaga ƙarƙashin Pierre Tallet ta gano a Wadi al-Jarf, bakin Bahar Maliya, littafin aikin wani jami'i mai suna Merer, wanda ya rubuta yadda ƙungiyarsa ke jigilar wannan dutse a jirgin ruwa daga Tura zuwa Giza a ƙarshen mulkin Kufu. Ke nan kuskure a awon jikin dala yana nufin ƙarin sawun jirgi, ƙarin abincin ma'aikata da ƙarin watanni.

4.0 Dalar Dahshur Mai Karyayyen Gefe

Tsakanin Josa da Kufu akwai Sarki Saneferu, mahaifin Kufu, wanda a zamaninsa aka koyi gina dala mai sulɓin fuska. Ɗaya daga cikin dalolinsa, wadda ke Dahshur, kudu da Alƙahira, ita ce ta fi kusa da batun wannan takarda. An fara ta da gangare mai tsauri, kimanin digiri 54. Da gini ya kai wajen mita 47, sai aka sassauta gangaren zuwa digiri 43 har ƙololuwa. Akasarin masana suna ganin tsagewar da ta bayyana a cikin ginin ce ta tilasta wa magina rage nauyin da ke sama. Dalar da Saneferu ya gina bayanta a wuri guda, wadda ake kira Jar Dala, da digiri 43 aka fara ta aka kuma ƙare ta.

Mai kallon dalar Dahshur daga nesa zai ga kamar gefenta ya lanƙwasa, alhali kuwa layi biyu ne miƙaƙƙu suka haɗu. Saboda haka ƙa'idar alwatika ɗaya ba za ta yi aiki a kanta ba, sai an raba kowace fuska gida biyu. Ƙasan yankakkiyar alwatika ce: gindinta kimanin mita 189, samanta kimanin 121, gangarenta kimanin 58. Ana haɗa gindi da sama, a raba biyu, a ninka da gangare, sai a samu kusan murabba'in mita 9,000. Saman kuwa cikakkiyar alwatika ce mai kusan murabba'in mita 5,000. Jimillar fuskoki huɗu ta kai kimanin 56,000.

A nan ne tushen dabarar yake. Idan gefe ya karye sau ɗaya, a yanka fuska sala biyu. Idan ya karye sau goma, a yanka ta sala goma sha ɗaya. To, idan kuma gefen bai karye ko'ina ba, lanƙwasa kawai ya yi kamar baka, sala nawa za a yanka? Wannan ita ce tambayar da ta ɗauki dubban shekaru.

5.0 Kwandon Takardar Mosko

Tsohuwar shaidar da ake da ita ta yunƙurin auna jiki mai lanƙwasa tana cikin wata takardar Masar, wadda aka rubuta wajen 1850 kafin Miladiyya. Wani masani ɗan Rasha, Vladimir Golenishchev, ya saye ta a farkon shekarun 1890, kuma tana gidan tarihi na Pushkin a Mosko. Matsaloli 25 ke cikinta, Vasily Struve ne ya buga fassararta a 1930. Wadda ta fi shahara ita ce ta 14, inda aka fitar da girman cikin dalar da aka sare wa kai: tsayi 6, gindi 4, sama 2, amsa 56. Wannan amsa daidai take ba ragi ba ƙari.

Matsala ta 10 ce ta shafi lanƙwasa. An ba da wani abu da ake kira nebet, wato kwando, mai baki 4 da rabi, aka nemi faɗin jikinsa. Magatakardan ya ɗauki 9, ya cire kashi ɗaya cikin tara, ya rage 8. Ya sake cire kashi ɗaya cikin tara na 8, ya rage 7 da kashi ɗaya cikin tara. Ya ninka wannan da 4 da rabi, ya samu 32.

Cire kashi ɗaya cikin tara sau biyu hanya ce da Masarawa ke bi wajen auna da'ira, kuma ta yi daidai da ɗaukar lambar nan ta da'ira, π, a matsayin 3.16 maimakon 3.14. Struve ya fassara kwandon da rabin ƙwallo, kamar kifaffiyar ƙwarya, kuma lissafin zamani ya ba wa irin wannan siffa 31.8. Amma a 1931 wani masani Bature, Eric Peet, ya kawo hujjar cewa rabin silinda ake nufi, wato rabin gwangwani da aka tsaga a tsaye, mai tsawo daidai da faɗinsa. Shi ma amsarsa 32 ce. Bambancin fassarorin babba ne. Jikin gwangwani ana iya warware shi ya kwanta a shimfiɗe, kamar yadda ake ɓare takardar da ke jikin gwangwanin madara, don haka awonsa ba ya bukatar sabuwar dabara. Jikin ƙwarya kuwa ba ya shimfiɗuwa sai ya tsage. Wannan bambanci tsakanin lanƙwasa ta hanya ɗaya da lanƙwasa ta hanya biyu zai sake dawowa a gaba.

6.0 Arkimidis da Dabarar Matsewa

Masarawa sun bar amsoshi, Girkawa kuma suka nemi hujja. A wajen shekarar 300 kafin Miladiyya, Yukilid ya tabbatar a Iskandariyya, cikin kashi na 12 na littafinsa na lissafin siffofi, cewa girman cikin dala kashi ɗaya cikin uku ne na akwatin da ke da gindi da tsayi irin nata. Amma awon jiki mai lanƙwasa sai da ya jira Arkimidis, mutumin Sirakus a tsibirin Sisili, wanda ya rasu a 212 kafin Miladiyya.

A cikin littafinsa a kan ƙwallo da silinda, wanda ya aika wa Dositiyus a Iskandariyya, Arkimidis ya fara da siffar mazurari, mai gindin da'ira da tsinin kai. Ya zana dala mai fuskoki da yawa a cikin mazurarin, ya zana wata a wajensa ta rufe shi. Faɗin jikin dalolin biyu sananne ne, domin alwatika ce kowace fuska. Sai ya kafa wani sharaɗi: idan siffofi biyu sun kumburo ta ɓangare ɗaya, bakinsu kuma ɗaya, to wadda ta rufe 'yar'uwarta ta fi ta faɗin jiki. Ke nan jikin mazurari ya fi na dalar ciki, bai kai na dalar waje ba. Duk lokacin da aka ƙara yawan fuskoki, tazarar da ke tsakanin dalolin biyu sai ta ragu, har ya zama lamba ɗaya ce tak za ta iya zama a tsakani.

Daga nan ya koma kan ƙwallo. Ya yanka shi sala-sala, ya ɗauki kowace sala kamar ɗamarar mazurari, ya matse ta ciki da waje kamar da. Sakamakon shi ne, faɗin jikin ƙwallo ya ninka faɗin da'irar tsakiyarsa sau huɗu. Wato jikin ƙwarya mai siffar rabin ƙwallo ya ninka faɗin bakinta sau biyu. Arkimidis ya ɗauki wannan bincike da muhimmanci har ya nemi a zana ƙwallo cikin silinda a kan kabarinsa, kuma da wannan alama Sisaro ya gane kabarin a shekarar 75 kafin Miladiyya.

Raunin hanyar shi ne, kowace siffa sai an ƙirƙiro mata hujjarta, kuma sai mai lissafi ya hango amsar kafin ya fara matsewa.

7.0 Bagadaza da Alƙahira

A ƙarni na 9 aka fassara ayyukan Girkawa zuwa Larabci a Bagadaza. 'Yan'uwa uku da ake kira Banu Musa, wato Muhammad da Ahmad da Hasan, sun rubuta littafi a kan awon siffofi shimfiɗaɗɗu da masu siffar ƙwallo, wanda Gerard na Kiremona ya mayar Latin a ƙarni na 12. Ta wannan littafi ne Turawa da yawa suka fara sanin hujjojin Arkimidis. Sabit ɗan Ƙurra, mutumin Harran da ya rasu a 901, ya gyara fassarar ayyukan Girkawa, ya kuma wuce inda suka tsaya: ya auna jikin silinda mai karkata, ya kuma fitar da girman cikin siffar ƙubba da ake samu idan aka juya lanƙwasar farabola, wato irin bakan da jifa ke yi a iska.

Ibn al-Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen 965 ya kuma rasu a Alƙahira wajen 1040, ya ɗauki wata ƙubba mafi wuya, wadda ake samu idan aka juya farabola a kan gindinta. Ya yanka ta faifai-faifai, amma haɗa faifan ya bukaci jimillar lambobi da aka ninka kowace da kanta sau huɗu. Ya gano ƙa'idar wannan jimilla, ya nuna cewa ƙubbar kashi 8 cikin 15 ce na silindar da ta rufe ta. Muhimmancin aikinsa shi ne ya mayar da yankan siffa zuwa haɗa jerin lambobi, wanda mataki ne babba zuwa ga lissafin ƙarni na 17.

8.0 Dala Mai Lanƙwasa ta Haƙiƙa

Magina ne suka fi kowa sanin dala mai lanƙwasasshen gefe, domin irin rufin da suke yi wa ɗaki mai kusurwa huɗu ke nan: bangwaye huɗu su tashi, su rusuna ciki, su haɗu a sama. Wanda ya san daurin guga a ginin Hausa, inda bakuna ke tasowa daga bango su gamu a tsakiyar rufi, zai iya hango siffar. Babban misalinta a Turai shi ne ƙubbar majami'ar Fulorens a Italiya, wadda Filippo Brunelleschi ya gina daga 1420 zuwa 1436. Fuska takwas gare ta, kowace ta lanƙwasa, kuma zanen da aka yi a cikinta daga 1572 zuwa 1579 ya rufe kimanin murabba'in mita 3,600.

Mafi sauƙin irin wannan rufi shi ne wanda ake samu idan rabin silinda biyu suka ratsa juna. Arkimidis ya san girman cikin siffar da silinda biyu ke haɗuwa a kai. A ƙasar Sin, Liu Hui ya tsara matsalar a shekarar 263, Zu Geng ya warware ta bayan fiye da ƙarni biyu. Mai zanen Italiya Piero della Francesca shi ma ya lissafa ta a ƙarni na 15.

Ga misali domin a ga yadda dabarar sala ke aiki. A ɗauki ɗaki mai mita 10 a kowane ɓangare, rufinsa ya tashi mita 5, kowace fuska ta lanƙwasa kamar rubu'in da'ira.

Idan aka ɗauki kowace fuska a matsayin alwatika ɗaya, kamar dalar Giza, za a samu murabba'in mita 141 a fuskoki huɗu. Idan aka yanka ta sala 2, kamar dalar Dahshur, za a samu 185. Sala 3 za su ba da 193, sala 6 kuma 198. Lambobin suna hawa, amma hawan yana raguwa, kuma inda suka dosa shi ne 200.

Dalilin da ya sa 200 ce cif ba shi da wuyar fahimta. A kan rubu'in da'ira, gwargwadon yadda sala ta ƙuntata idan aka gwada ta da gindi, gwargwadon haka hawanta a tsaye ya gaza tsawon gangarenta. Inda faɗin sala ya koma rabin gindi, nan ne hawanta ya koma rabin gangarenta. Don haka ninka faɗin sala da gangarenta daidai yake da ninka faɗin gindi da hawanta. Idan aka haɗa hawan dukkan salolin, tsayin rufin ne, mita 5. Ke nan kowace fuska 10 sau 5 ce, wato 50, huɗu kuma 200. Jikin rufin ya ninka filin ɗakin sau biyu, kamar yadda jikin ƙwarya ya ninka bakinta. Abin lura kuma shi ne, duk da lanƙwasar da'ira ce, lambar π ba ta shiga amsar ba. Maginin da ya sayi kayan shafe bisa lissafin alwatika ɗaya zai rasa kusan kashi 30 cikin 100 na abin da yake bukata.

9.0 Sabon Lissafi da Fitilar Schwarz

Abin da ya rage shi ne hanyar da za ta yi aiki a kan kowace irin lanƙwasa, ba rubu'in da'ira kaɗai ba. Isaac Newton a Ingila ya gano ta a 1665 zuwa 1666, Gottfried Leibniz na Jamus kuma ya gano ta da kansa, ya buga a 1684 da 1686. Wannan lissafi, da ake kira kalkulas, yana ba da lambar da jimillar saloli ke dosa kai tsaye, ba sai an yi ta ƙara yanka ba. A 1692 Vincenzo Viviani, almajirin Galileo, ya ƙalubalanci masana da matsalar ƙubba mai taga huɗu, wadda ragowar jikinta zai yi daidai da wani murabba'i. Leibniz da wasu sun warware ta a cikin shekarar da sabon lissafin.

Sai dai akwai sharaɗi. Sanin gefuna kaɗai bai isa a san faɗin jiki ba. A tsakanin bakuna huɗu guda ana iya shimfiɗa fuska mai lanƙwasa ta hanya ɗaya, irin ta gwangwani, ana kuma iya yin mai kumburi irin ta ƙwarya, kuma faɗinsu ba ɗaya ba ne. Ta farko ana yanka ta sala-sala a kwance. Ta biyu kuwa sai an yanka ta a kwance da a tsaye, ta zama ƙananan faci, a auna karkatar kowane faci. A 1827 Carl Friedrich Gauss ya tabbatar da cewa irin wannan fuska ba za ta taɓa shimfiɗuwa ba tare da an ja ta ko an tsaga ta ba.

Daga nan littattafan koyarwa, har da na Joseph Serret na Faransa, suka riƙa bayyana faɗin jiki mai lanƙwasa da cewa shi ne lambar da ake dosa idan aka rufe jikin da ƙananan alwatika masu kusurwoyi a kansa, aka yi ta ƙanƙanta su. A 1880 Hermann Schwarz ya nuna cewa wannan ma'ana ba daidai ba ce, Giuseppe Peano kuma ya gano haka da kansa a 1882. Misalin Schwarz silinda ce kawai. Ya zagaye ta da zobba, ya sa ɗigo a kan kowane zobe, ya kauce da ɗigon zobe na gaba, ya haɗa su da alwatika. Idan aka ƙara yawan zobba da sauri ƙwarai fiye da yawan ɗigo, alwatikan ba sa kwanciya a jikin silinda, sai su yi ta naɗewa ciki da waje kamar fitilar takarda. Kowace ƙarama ce, kowace tana kusa da jikin, amma jimillarsu tana iya wuce faɗin gaskiya sau biyu, sau goma, ko ma ta rasa iyaka. Wannan siffa ita ake kira fitilar Schwarz.

Darasin shi ne, ƙanƙantar yanki ba ta isa ba, sai ya kwanta ta fuskar da jikin ya kwanta. Sharaɗin Arkimidis na kumburi ta ɓangare ɗaya ya kare shi daga wannan tarko fiye da shekara 2,000 kafin a gano shi. A 1902 Henri Lebesgue ya gyara ma'anar a cikin kundin digirinsa na uku a Faris: daga cikin dukkan hanyoyin kusantar jiki da alwatika, a ɗauki mafi ƙanƙantar lambar da ake iya dosa.

10.0 Kammalawa

An ga cewa awon jikin dala ya faro ne daga bukatar magina a bakin Nilu, waɗanda suka san seked da ƙa'idar alwatika. Dalar Dahshur ta nuna yadda ake raba fuska idan gefe ya karye, takardar Mosko kuma ta ajiye tsohon yunƙurin auna kwando. Arkimidis ya kawo hujjar matsewa, masanan Bagadaza da Alƙahira suka faɗaɗa ta, Newton da Leibniz suka mayar da ita hanyar gama-gari, Schwarz da Lebesgue suka toshe ramin da ya rage. Har yau, idan injiniya ya nemi kwamfuta ta auna rufi mai lanƙwasa, ƙananan alwatika take shimfiɗawa a kansa ta haɗa faɗinsu. Mai son auna dala mai lanƙwasasshen gefe sai ya fara da tambaya biyu: wace irin lanƙwasa ce gefen ya yi, kuma yaya fuskar da ke tsakanin gefunan take? Idan ya samu amsarsu, sauran aikin yanka ne da haɗawa.